Ɗaura kunnen na'urar gano kifi a jikin injin lallaɓa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minisota a Amurka. Na sayi ƙaramin jirgin alminiyam na hannu, tsawonsa ƙafa 16, a goshinsa akwai injin lallaɓa, wato ƙaramin injin lantarki mai tura jirgi a hankali, na Minn Kota, samfurin PowerDrive mai ƙarfin fam 55, mai aiki da batir ɗaya. Na kuma sayi na'urar gano kifi Garmin Striker 4. Ina so in ɗaura tiransdusanta a jikin wannan injin. A ina zan ɗaura, yaya zan bi da wayar? Maƙwabcina ya ce da na taka injin allon zai cika da layuka. Gaskiya ne?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a jirgin, ya tsare ka a kan ruwa.

Ɗaurin kansa ba zai ci maka minti goma ba. Waya ce za ta ci maka yini, kuma ita ce za ta yanke hukunci ko aikin zai yi shekara biyar ko sati biyu. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, da wuya a kawo mini tiransdusa da ya mutu don kansa. Kusan kullum wayarsa ce ta tsinke, ko ta matse, ko aka kwantar da ita kusa da wayar wutar inji ta kwashi hayaniya. Don haka zan ɗan gaggauta a kan ɗauri, in zauna a kan waya.

Ni kunne nake ce wa tiransdusa, domin aikinsa ke nan. Yana tura sauti cikin ruwa, ya yi shiru, ya saurari amsa. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwan daɗi, saboda haka a zurfin ƙafa 20 zuwa da dawowarsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Daga wannan ɗan lokaci na'urar take lissafa zurfi. Kifi kuma yana fitowa a allo ne galibi saboda jakar iskar da ke cikinsa, ita ce ta fi naman jikinsa mayar da sauti. Ka riƙe wannan, domin abin da ya sa kifi yake fitowa shi ne kuma ya sa kumfa take makantar da na'urar. Iska ce duka. Idan kumfa ta bi ta fuskar kunnen, sautin zai dawo tun bai je ko'ina ba.

Shawararka ta ɗaura shi a kan injin lallaɓa daidai ce ga mai tsayawa a goshin jirgi yana jefa ƙugiya. Na'urarka tana aiki da mitar sauti biyu, kilohaz 77 da 200. Na 200 siriri ne, buɗewarsa digiri 15 zuwa 20 gwargwadon kamfani, wato a zurfin ƙafa 20 da'irar da yake gani a ƙasa faɗinta ƙafa biyar zuwa bakwai ne kacal. Jirginka ƙafa 16 ne. Idan kunnen yana baya kai kana gaba, abin da allon yake nuna maka ba shi ne ƙarƙashin ƙafarka ba. A tafki kamar Mille Lacs na nan Minisota, wanda mafi zurfinsa ƙafa 42 ne, inda ake neman kifin walaye a gefen tudun ƙarƙashin ruwa, wannan tazarar ta isa ta raba ka da kifi. Abin da za ka rasa shi ne karatun zurfi lokacin da kake gudu da babban inji, domin a lokacin injin lallaɓa yana kwance a kan goshi, kunnen yana cikin iska. Idan kana shiga ruwan da ba ka sani ba da gudu, nan gaba ka ƙara kunne na biyu a baya.

Kafin komai, ka juya injin ka duba hancinsa da kuma wayoyin da suka fito daga kansa. Wasu injunan Minn Kota sun zo da kunne a ciki, wanda suke kira Universal Sonar 2. Idan ka ga wata siririyar waya mai soket da ba ta zuwa ko'ina, to naka irinsu ne, abin da kake bukata kawai wayar haɗi ta Garmin, ka huta da duk bayanin ɗauri. Tun da na hannu ka saya, mai shi na farko yana iya naɗe wayar ya cusa ta a wani lungu.

In babu, to ka cire wayar batir tukuna. Ban yarda a taɓa kusa da farfela da wuta a jikin inji ba, ko da an kashe shi. Fedar ƙafa tana ƙasa, gwiwa ko akwatin kayan aiki na iya danna ta, farfelar kuma ba ta san yatsa ba.

Wurin ɗauri shi ne ƙarƙashin cikin injin, wato wannan ƙarfe mai siffar kifi da ke nutsewa a ruwa. Akwai ɗan fiffiken ƙarfe a ƙasansa mai kare farfela. A wasu injuna fiffiken yana wajen hanci, a wasu yana dab da farfela. Idan yana gaba, ka sa kunnen a bayansa, duk dutse ko kututturen da aka ci karo da shi fiffiken ne zai fara sha. Idan yana baya, ka sa kunnen a gabansa, ka kuma yi tunanin sayen ɗan murfin kariya da ake yi don wannan. Ko ta yaya, goshin kunnen ya kalli hancin inji, ya ba farfela baya, fuskarsa kuma ta kalli ƙasa sak idan sandar injin tana tsaye. Ka juya farfelar da hannu zagaye biyu ka tabbatar ba ta taɓa komai.

Cikin kwalin Striker 4 akwai mazaunin da aka yi don irin wannan inji. Ka yi amfani da shi, amma abin ɗaurewar ya zama kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na tiyon lagireto amma babba. Igiyar roba mai haƙori tana riƙewa da farko, sai rana da sanyi su busar da ita, wata rana ka ɗago inji ka tarar kunnen ya karkace gefe. Ni nakan yanko tsohon tif ɗin keke in shimfiɗa tsakanin kilif da jikin inji. Yana hana zamewa, yana rage jijjiga, yana kuma kare fentin. Ka juya kan kusar kilif ɗin zuwa sama ko gefe don kada ya riƙa kwasar ciyawa, ka ɗaure da sukudireba a hannu. Da ka ji ya kama, kunnen ba ya juyawa in ka murɗa shi, ka tsaya. Mazaunin roba ne, yana tsagewa. Sannan, tun ba ka taɓa waya ba, ka kwantar da injin a mazauninsa ka ga ko kilif ɗin ko kunnen yana hana shi kullewa. Idan bai kulle sosai ba, a kan babbar hanya zai iya faɗowa. Matsar da kilif inci ɗaya yakan warware wannan.

Yanzu waya. A nan samfurin injinka yake da muhimmanci ƙwarai. Injunan da ake juyawa da igiyar ƙarfe daga feda, irin su Fortrex da Edge, sandarsu ba ta zamewa lokacin kwantarwa, dukan mazaunin ne yake naɗewa. A kansu ana iya bin sanda da waya ana ɗaurewa, a bar ɗan lanƙwasa inda sandar ciki take juyawa. Naka ba haka yake ba. PowerDrive, kamar Terrova, sandarsa tana zamewa ne ta cikin akwatin juyi duk lokacin da ka saukar ko ka ɗago. Duk abin da ka ɗaure a tsakiyar sandar zai zo ya daki bakin akwatin nan. An taɓa kawo mini jirgi wanda mai shi ya jera igiyoyin roba guda takwas a kan sanda, aiki tsaf gwanin kyau, yana kan tirela bai gwada kwantar da injin ba sai da ya gama. Jan farko, wayar ta feɗe kamar an fere rake. Sabon kunne ne, ko ruwa bai taɓa ba, kuma na ji zafin abin domin kuɗin da ya tara ne.

Ɗauri biyu kawai za ka yi a jikin sandar. Na farko a can ƙasa, dab da inda sanda ta haɗu da cikin inji. Na biyu a can sama, ƙarƙashin kan injin. Tsakaninsu wayar tana sake, tana wucewa ta wajen akwatin juyi, ba ta cikinsa ba. Daga ɗaurin sama sai ka zura ta ta tsakiyar wannan baƙar waya mai naɗi kamar ta tsohuwar tarho, ta sauko zuwa goshin jirgi. Naɗin zai riƙe ta, yana miƙewa tare da ita yana komawa. Yawan sakin da za ka bari shi ne ainihin gwanintar. In ya yi kaɗan, za ta ɗame idan inji ya juya. In ya yi yawa, za ta yi lilo ta shiga ƙarƙashin mazauni lokacin kwantarwa, ko ta kai ga farfela. Ba a gane shi da awo. Ka fara riƙe wuraren biyu da salatif na wucin gadi, ka mayar da batir, ka matsa daga farfela, ka juya injin dama har ƙarshe, ka juya hagu har ƙarshe, ka kwantar ka saukar sau goma idonka a kan wayar. Inda ta ɗame ka ƙara, inda ta yi ciki ka rage. Sai ka gamsu sannan ka yi ɗaurin dindindin.

A wurin ɗaurin ma akwai abin lura. Cikin wayar nan siraran zaruruwa ne da rigar kariya mai hana hayaniya shiga. Igiyar roba da aka ja da filaya tana murƙushe su ba tare da an ga komai a waje ba, sai bayan wata biyu allon ya fara ɗaukewa yana dawowa. Ka fara naɗa tef ɗin lantarki mai kyau sau uku ko huɗu a kan wayar, igiyar ta hau kan tef ɗin, ka ja da yatsu kawai. Ka zaɓi baƙar igiya, ta fi farar igiya jure rana. Idan injinka yana da i-Pilot, wanda yake riƙe jirgi wuri ɗaya da GPS, ka sani yakan yi ta juyawa shi kaɗai yana gyara tsayuwa, musamman in iska tana sauyawa. Ka riƙa waiwayen sandar lokaci-lokaci, in wayar ta fara naɗewa ka warware ta da rimot ɗinsa.

Wayar kunne doguwa ce, an yi ta don ta taso daga bayan jirgi, kai kuma allonka yana nan kusa. Za ta yi saura da yawa. Kada ka yanke ta. Haɗin da za ka yi ba zai mayar da rigar kariyar yadda take ba, ruwa zai shiga, garantin kamfani kuma ya tafi. Ka naɗe saurar a siffar lamba 8, ka ajiye ta nesa da batir da wayoyin inji.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe. Injinka ba ya rage gudu ta hanyar rage ƙarfin wuta. Yana kunna wutar ne yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, gwargwadon tsawon kunnawar gwargwadon gudun. Wannan dabara, wadda Minn Kota suke kira Digital Maximizer, ita take sa batir ya daɗe. Amma injin fam 55 yana jan kusan amfiya 50 in an ƙure shi, kuma datse wuta mai yawa haka da sauri haka yana watsa hayaniya. Amsar da kunne yake saurare kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. Hayaniyar tana da ƙofa biyu: ta wayar wutar na'urar, ko ta wayar kunnen.

Ƙofar farko ita ce babba, kuma rufe ta da sauƙi. Kada na'urar ta sha wuta daga batir ɗin injin lallaɓa. Ka ba ta daga batir ɗin tayar da babban inji, ko ka saya mata ɗan ƙaramin batir nata. Striker 4 ba ta jan ko rabin amfiya, batir mai amfiya-awa 7 zai kai ka yini har da saura. Ka sa fis a kan jar waya kusa da batir, na girman da littafin na'urar ya faɗa. Fis ɗin nan wayar yake karewa daga kama wuta, shi ya sa wurinsa kusa da batir ne. Idan wata rana ka koma inji mai batir biyu na bolt 24, kada ka ɗebi bolt 12 daga ɗaya daga cikinsu don na'urar.

Ƙofa ta biyu ana rufe ta da tazara. Idan wayoyin injin masu kauri sun bi gefen dama na jirgi, na na'urar su bi hagu. Inda dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa, kada su kwanta tare. In an yi duk wannan layukan ba su tafi ba, sai a sa zoben ferait, wannan ɗan dunƙulen da kake gani a jikin wayar cajar kwamfuta. A zagaya wayar kunne ta cikinsa sau huɗu ko biyar kusa da bayan allo. Na'urar tana da wurin rage hayaniya a saitinta, amma shi ne na ƙarshe da nake taɓawa, domin in an ƙure shi yana goge ƙananan kifi tare da layukan.

Ga yadda za ka bambance hayaniyar wuta da kumfa a kan ruwa. Ta wuta layuka ne a tsaye daga sama har ƙasa, suna fitowa a daidai lokacin da ka taka feda, su ɓace da ka ɗaga ƙafa, kuma sukan fi muni a matsakaicin gudu fiye da a ƙarshen gudu, domin a ƙarshen gudu datsewar ta kusa tsayawa. Kumfa kuwa tana sa layin ƙasa ya yanke, lambar zurfi ta riƙa ƙyaftawa, kuma tana ƙaruwa idan ana igiyar ruwa. Maganinta saukar da sanda. Cikin injin ya nutse aƙalla inci 12, a ƙara in ruwa yana tashi. Akwai kuma nau'i na uku, ɗige-ɗige masu jeri a karkace, wanda ke zuwa idan wani kunne mai mita iri ɗaya yana aiki kusa, ko na jirgin maƙwabci ko naka na baya. Ka koma ɗaya mitar, za su tafi.

Fitarka ta farko ta gwaji ce, ka sa rigar kariya ka nemi wuri mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, zurfin ƙafa 15 zuwa 20. Ka tuna na'urar daga fuskar kunne take fara ƙirga. Idan kunnen yana ƙafa biyu ƙarƙashin ruwa, allon ya ce 15, ainihin zurfin 17 ne. Akwai wurin gyara wannan a saiti. Ni har yau nakan saukar da igiya mai dalma in gwada da abin da allon ya faɗa. A gefen Yawuri na tashi, inda masunta suke sanin ƙasan ruwa da gora, su gane yashi ne ko laka daga yadda ta amsa a hannu, kuma ban ga dalilin da zai sa mai na'ura ya bar tabbatarwa da hannunsa ba. Sai ka tafi a hankali a miƙe ka duba siffar kifi a allo. Ya kamata ya fito kamar baka. Idan bakan ya hau bai sauko ba, goshin kunnen ya ɗaga da yawa. Idan rabin baya kaɗai ya fito, goshin ya sunkuya. Ɗan yankin tif a ƙarƙashin gefe ɗaya na mazaunin yana daidaita shi. In jirgi yana tsaye cak, kifin da ke ƙarƙashinka dogon layi zai zana, ba baka ba, kuma wannan ba matsala ba ce.

Ga 'yan'uwa na gida, a Kainji ko Tiga ko Tafkin Chadi, masu injin fetur irin Yamaha a bayan kwalekwale: wannan ɗaurin ba na injinku ba ne. Ƙafar injin fetur tana fitar da hayaƙi ta cikin ruwa, kumfa ce zalla, ga gudu ga jijjiga. Naku kunnen a jikin katakon baya ake kafa shi, ko a kan sanda da ake maƙalawa a gefe.

Idan ka ɗago injin za ka yi doguwar tafiya, ka kashe aiken sautin ko na'urar gaba ɗaya. Ruwa ne yake sanyaya kunne, barinsa yana bugawa a iska na tsawon lokaci ba ya yi masa kyau. Wajen wanki, ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa, ban da fetur ko sinadarin goge fenti a fuskarsa.

Kilif da mazaunin da ka ƙara sun zama sabon maɓoyar ciyawa. Dokar Minisota ta hana ɗaukar ciyawar ruwa a jikin jirgi ko tirela a kan hanya, ta kuma wajabta zubar da ruwa da cire toshiyar jirgi kafin a bar bakin tafki, saboda ciyawar milfoyil da ƙananan kumbunan zebra da suke yaɗuwa daga tafki zuwa tafki, irin yadda suka kama tafkin Minnetonka. Ka sa yatsa ka bi bayan kilif ɗin da ƙarƙashin wayar duk lokacin da ka fito. Idan hunturu ya shigo za ka ajiye jirgi, ka shigar da allon da ƙaramin batir cikin gida, ka busar da soket ɗin ka rufe bakinsa. Wayar kuma kada ka lanƙwasa ta tana daskare, robarta tana tsagewa a sanyi. Da bazara, kafin fitar farko, ka bi ta da yatsu daga kunne har allo, ka sake gwada kusar kilif ɗin da sukudireba.